Filin Tambaya da Amsa: Lemon Nan na Ina Ne?

Wasiƙun wannan karon yawancinsu sun karkata ga lemon kwali da jus ɗin da ake haɗawa a gida, musamman batun gane inda 'ya'yan itacen suka fito da kuma gane algus. Mun zaɓi biyar, malaman kimiyyar sinadarai da na sarrafa abinci suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Singa, sarin lemon kwali nake yi. Wani dila ya kawo mini sabon kaya, ya ce zallar lemon zaƙin Binuwai ne, matsewa kawai aka yi aka ɗura, babu ruwa babu sukari, kuma kuɗinsa ya ɗara na sauran. Ɗana da ke jami'a ya ce a ɗakin gwaje-gwaje ana iya gane ƙasar da lemo ya fito. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah Ya kawo kasuwa mai albarka. Ɗanka ya faɗi gaskiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi komai nauyi a wannan magana. Ka bi mu a hankali har mu iso kansa.

Bishiya ba ta ƙaura. Ruwan da ta sha da ƙasar da saiwarta ta kama su suke gina ɗanta, kuma kowannensu yana barin shaida a cikin abin da aka matse. Mu fara da ruwa. Oksijin ɗin da ke cikin ruwa ba nauyinsa ɗaya ba. Akasarinsa mai lamba 16 ne, amma cikin kowace ƙwayar zarra 1,000 ana samun kamar biyu masu lamba 18, waɗanda suka ɗan fi nauyi. Haidurojin ma yana da nasa mai nauyin, ɗaya cikin kusan 6,400. Irin waɗannan 'yan'uwa, sinadari ɗaya nauyi daban, su ake ce wa aizotof. Idan rana ta bugi ruwa, marar nauyin ne ke rigan tashi. Idan hadari ya taso daga teku, mai nauyin ne ke rigan zubowa. Saboda haka ruwan saman kowane yanki yana da nasa awo, gwargwadon nisansa da teku, tudunsa da sanyinsa. A nan wajenmu yawan ruwan ma yana tasiri: mamakon Agusta ya fi ruwan farkon damina rashin nauyi.

An ɗauki ruwan teku a matsayin sifiri. Ruwan rijiya da na burtsatse galibi ƙasa da sifiri suke faɗawa. Ruwan cikin lemo kuwa daban ne, domin ganye yana wuni yana fitar da tururi, marar nauyin yana tafiya, mai nauyin yana taruwa a cikin ɗan itacen. Shi ya sa lemon zaƙin da aka matse kai tsaye yake zama a kan sifiri ko sama da shi, har ƙungiyar masu yin jus ta Turai, AIJN, ta sa sifiri ya zama iyakar ƙasa ga irin wannan lemo.

Da wannan awo kaɗai za a iya gwada rabin maganar dilanka. Yawancin lemon kwali ba daga matsewa ake ɗura shi ba. Ana ƙafe ruwan lemon ne a masana'anta har ya yi kauri kamar zuma, zaƙinsa ya kai 65 a ma'aunin Brix, a zuba a durom, a daskarar, a yi jigilarsa. Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Idan ya iso, kilo ɗaya na ƙafaffen ana sirka shi da ruwa kilo 4.5 ya dawo 11.8, wato zaƙin lemo na yau da kullum. Ka lissafa: fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke cikin kwalin ruwan masana'anta ne, ba na bishiya ba. Na'urar auna nauyin zarra, IRMS, za ta nuna awon ruwan burtsatse ƙarara. Wannan hanya ba laifi ba ce. Jus ɗin da aka riga aka ɗura a kwalin sayarwa ya daɗe cikin jerin kayan da kwastan suka hana shigowa da su, don haka kamfanoni da yawa ƙafaffen suke shigowa da shi su sirka a nan. Rubutun "an yi a Najeriya" bai nufin a Najeriya bishiyar take ba. Laifin shi ne a sirka sannan a ce matsewa aka yi, a karɓi kuɗin matsattse.

Shaida ta biyu daga ƙasa take. Akwai wani sinadari, sitirontiyom, da bishiya ke zuƙa tare da kalsiyom. Ana auna yawan mai lamba 87 a kan mai lamba 86. Mai lamba 87 yana ƙaruwa ne a cikin dutse sannu a hankali, daga rubidiyom da ke rikiɗewa cikin shekaru miliyoyi, don haka tsohon dutse irin wanda birnin Kano ke zaune a kai yakan ba da awo sama da 0.710. Farar ƙasar da ta kwanta a ƙarƙashin teku, irin wadda ake yin siminti da ita a Gboko ta jihar Binuwai, takan tsaya tsakanin 0.707 da 0.709. Daɗin wannan awo shi ne rana ba ta canza shi, fari bai canza shi, ƙafewa a masana'anta ma ba ta canza shi. Abin da ke ɓata shi shi ne ruwan sirki, domin shi ma yana ɗauke da nasa sitirontiyom. Ana ƙara da ƙananan ma'adinai irin su rubidiyom, bariyom, boron da manganis. Da su masana a Amurka suka riƙa bambance lemon Fulorida da na Birazil tun wajen 1980, don na Birazil ya fi bariyom da rubidiyom.

To ga sharaɗin. Babu na'urar da za a ɗiga wa lemo ta rubuto "Gboko". Lambobi take bayarwa, lambobin kuma ba su da ma'ana sai an jera su kusa da na lemon da aka tabbatar da gonarsa, daga gonaki masu yawa, na shekaru fiye da ɗaya. Ko cikin Binuwai ɗin ba dutse ɗaya ba ne: kwarin kogi daban, kudu maso gabas wajen iyakar Kamaru daban. Manyan rumbunan bayanai da ake aiki da su, irin na ƙungiyar SGF ta Jamus, an gina su ne a kan ƙasashen da ke fitar da jus zuwa kasuwar duniya. Saboda haka gwaji ya fi ƙarfi wajen ƙaryata da'awa fiye da raɗa wa lemo sunan gari. Zai iya ce maka wannan ba matsattse ba ne, ko wannan ya yi daidai da na Birazil. Amma kafin ka biya ko sisi don a ce maka na Binuwai ne, ka tambayi ɗakin gwajin ko yana da samfuran lemon Binuwai na haƙiƙa da zai kwatanta da su. In babu, ka tsaya a kan tambayoyi biyu masu amsa tabbatacciya: an ƙara ruwa? An ƙara sukari? Sauran kuma aikin takarda ne: lambar NAFDAC, adireshin masana'anta, da shaidar sayen lemon daga manoma.

Tambaya: Ina haɗa jus a gida a Hotoro ina ɗurawa a roba, daga 'Yan Lemo nake sayen lemo da abarba da mangwaro. Akwai masu sayarwa ƙasa da kuɗin da nake kashewa, kuma suna cewa nasu ma zalla ne. Idan an zuba ruwan sukari ana iya ganewa, tunda shi ma lemon sukari ne a cikinsa?

Amsa: Hajiya, ana ganewa, kuma a ƙasarmu ya fi sauƙi a kan Turai. Dalilin yana cikin yadda tsiro ke kama iskar kabon daga sararin sama. Kabon ma yana da mai nauyi, mai lamba 13, kamar kashi 1.1 cikin 100. Bishiyoyi irin su lemo, mangwaro, gwaba da tuffa suna ƙyamar mai nauyin, don haka sukarinsu yana auna wajen -25 a ma'aunin kabon mai lamba 13. Rake, masara, dawa da gero hanyarsu daban, ba su cika tsame shi ba, nasu wajen -11 yake. Sukarin da ke kasuwanninmu na rake ne, don haka duk cokalin da aka zuba yana jan awon daga -25 zuwa wajen -11. Idan aka auna sukarin jus aka samu -21, an matsa taki 4 cikin 14, ke nan kusan kashi uku cikin goma na zaƙin daga buhu ya fito.

Masu gwaji ba sa dogara da lamba ɗaya, domin lemon wata gona yakan ɗan bambanta da na wata. Sai su juya jus ɗin a na'urar wulwulawa har tuƙar ta kwanta, su wanke ta da ruwa da asiton, su busar. Su ware sukarin gefe. A ɗauki kamar miligiram ɗaya na kowanne, a naɗe a ɗan ƙoƙon kuza, a ƙone a zafin kusan digiri 1,000, a auna iskar da ta fita. Tuƙa da sukari daga bishiya ɗaya suka fito, dole awonsu ya yi kusa. In suka yi hannun riga, an yi ƙari.

Abarba ce ke ba da wahala. Ita da dare take kama kabon, awonta kuma yana faɗawa tsakanin -11 da -15, daf da na rake. Gwajin da muka bayyana ba ya kama sukarin rake a cikin abarba. Sai an koma ga na'urar NMR mai aiki da maganaɗisu, a sa yis ya juya sukarin ya zama itanol, a duba a wane gurbi na ƙwayar aizotof mai nauyin ya zauna. A Jami'ar Nant ta Faransa aka ƙirƙiro wannan dabara a farkon shekarun 1980, asali don kama sukarin gwozar Turai (sugar beet) da ake ƙarawa a giyar inabi, wanda shi kuma awonsa irin na bishiya ne.

Akwai kuma gwaji mai rahusa da ke tona asirin sirki. Mai algus yakan gyara zaƙi da sukari, ya gyara tsami da garin tsami na kanti, amma ba ya iya mayar da sauran abubuwan da ruwa ya tsinka. Lemon zaƙi na gaske yana da fotasiyom miligiram 1,300 zuwa 2,500 a lita, sodiyom kuwa bai wuce 30 ba. Yana kuma da wani ɗan tsami, aisositirik, wanda garin kanti ba shi da shi. Idan sitirik, wato irin tsamin da ke cikin garin kanti, ya ninka shi fiye da sau 130, an ƙara na kanti. Ba ƙaramin al'amari ba ne wannan. A 1987 kamfanin Beech-Nut na Amurka ya amsa laifin sayar da ruwan sukari mai ɗanɗano da sunan jus ɗin tuffa na jarirai, aka ci shi tarar dala miliyan biyu.

Ki kuma lura da suna. A ƙa'idar Codex ta 2005, wato ƙa'idar ingancin abinci ta ƙasa da ƙasa, abin da aka sirka da ruwa da sukari sunansa nekta, kuma yana da iyaka: lemon zaƙi kada ya gaza kashi 50 cikin 100, abarba 40, mangwaro da gwaba 25. Mangwaro da gwaba ma kaurinsu ya sa da wuya a sha su zalla. Idan kina ƙara ruwa a nasu, ki rubuta hakan a jikin robar, babu abin kunya a ciki.

Tambaya: Ina da shagon jus a Titin Gidan Zoo. Na sayi ɗan madubin auna zaƙi da ake ɗiga wa jus a leƙa. Zai iya nuna mini ko lemo na Binuwai ne ko na wani wuri?

Amsa: A'a, Malam. Rifiraktomita ke nan, kuma abin da yake gani kawai shi ne yawan abin da ya narke a ruwa. Bai san sukarin rake da na lemo ba, balle gari. Amfaninsa shi ne daidaita kayanka da kuma tantance nunar lemo kafin ka saya. Ka fara ɗiga tataccen ruwa ka ga ya tsaya a sifiri, in bai tsaya ba ka murɗa ɗan sukurun da ke samansa. Ka goge, ka ɗiga jus da aka tace ɗigo biyu, ka rufe murfin ba tare da kumfa ba, ka jira rabin minti zafinsu ya daidaita. An tsara awon ne a kan digiri 20, don haka a zafin bazarar Kano ka nemi mai gyara zafi da kansa, kuma kada ka bar shi a rana. Abin da Codex ta sa wa jus da aka dawo da shi daga ƙafaffe zai zame maka ma'auni: lemon zaƙi 11.2 zuwa 11.8, abarba 12.8, tuffa 11.5, mangwaro 13.5. Idan jus ya faɗo 7 ko 8, ko dai ɗanye aka matse ko an yi sirki.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen kimiyyar sinadarai, ina digiri na biyu. Ina so in yi bincike a kan bambance lemon da ke shigowa 'Yan Lemo ta hanyar ma'adinai. Daga ina zan fara, kuma me ke ɓata irin wannan aiki?

Amsa: 'Yarmu, kin zaɓi aikin da ake bukata, Allah Ya ba da sa'a. Kuskuren farko da za ki guje wa shi ne ɗaukar samfuran tushe daga kasuwa. A Na'ibawa, inda kasuwar 'Yan Lemo take, mota takan sauke kayan gonaki da yawa a tsibi ɗaya, dillali kuma abin da aka faɗa masa yake faɗa. Lemon kasuwa na gwajin ƙarshe ne. Na tushe sai kin je gona da ƙafarki, ki rubuta lambobin wurin da waya, irin lemon, ranar tsinka, takin da aka sa, da ko ban ruwa ake yi. Ki nemi gonaki 20 zuwa 30 a kowane yanki, a kaka biyu aƙalla, daga kowace gona lemo 10 zuwa 15 daga bishiyoyi daban-daban. Ki ɗebi ƙasa da ruwan ban ruwan ma. Idan kika ɗauko irin lemon Balansiya daga yanki ɗaya, wani iri kuma daga ɗaya yankin, bambancin iri kika auna, ba na ƙasa ba.

A ɗaki, babban abokin gaba shi ne gurɓata, domin abin da kike nema ɗan mitsitsi ne, wani bai kai miligiram ɗaya a lita ba. Wuƙar ƙarfe da mamatsin ƙarfe suna zubar da kuromiyom da nikel, tukunyar dalma tana ba da alminiyom, kwalbar gilashi tana sakin boron da sodiyom. Ki yi aiki da wuƙar tangaran da mamatsin roba. Robobin ajiya ki jiƙa su awa 24 a asid naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ki ɗauraye sau uku da tataccen ruwa. Lokacin hunturu kada ki bar komai a buɗe ko na minti biyar. Ƙurar tana ɗauke da kalsiyom, ƙarfe da sitirontiyom, kuma ta isa ta sa samfuranki duka su yi kama da juna.

Narkarwa: jus mililita 5, asid naitirik mai kauri mililita 5, haidurojin farokzaid mililita 1 zuwa 2. Sukari da naitirik suna faɗa mai zafi da hayaƙi ruwan ƙasa mai guba, don haka ki bar su a buɗe cikin akwatin zuƙe hayaƙi minti 20 zuwa 30 kafin ki rufe. Wanda ya rufe da wuri tulun yakan yi tsartuwa, samfurin ya tafi. Daga nan sai na'urar narkarwa ta maikurowef, digiri 180 zuwa 200, minti 15 zuwa 20. A bari ya huce, a cika zuwa mililita 50. In ya fito garau ya narke. In da sauran rawaya mai duhu ko gurɓi, a sake. Kowane zagaye ki sa tulu ɗaya na asid zalla babu jus. Kowane samfuri sau uku. Ki kuma ƙara sanannen adadin ma'adini a wasu ki ga ko kashi 90 zuwa 110 zai dawo. Ki auna Brix na kowanne ki daidaita sakamakon a kansa, in ba haka ba lemon da ya sha iska a hanya zai nuna kamar ya fi ma'adinai.

Wajen zaɓen ma'adinai ki yi hattara da waɗanda hannun manomi ke juyawa. Fotasiyom da fosfaras suna bin takin zamani, tagulla tana bin maganin feshi. Rubidiyom, sitirontiyom, bariyom, siziyom da kobal sun fi bin ƙasa. Na'urar auna ma'adinai ta AAS da aka fi samu a jami'o'inmu za ta ba ki fotasiyom, kalsiyom, magniziyom, ƙarfe, zink da manganis, amma ƙananan sai na'urar ICP-MS, wadda ta fi ta iya gano abu ɗan mitsitsi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma da ita ana auna ma'adinai da yawa lokaci ɗaya a busasshen samfuri. Ki tuntuɓe su tun kina rubuta tsarin aiki. In za ki kai ga aizotof ɗin sitirontiyom, dole a fara raba shi da rubidiyom a kan ƙaro na musamman, domin rubidiyom ma yana da mai lamba 87, na'ura kuma ba ta bambance su.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne lissafi. Mai samfuri 12 da ma'adinai 20, kwamfuta za ta raba masa su kashi 100 cikin 100 ko da daga bishiya ɗaya suke. Ki ware kashi ɗaya cikin uku na samfuranki ki ɓoye, ki gina lissafin da sauran, sannan ki gwada shi a kan ɓoyayyun. Abin da ya ci a nan shi ne sakamakonki na gaskiya, ko da 75 ne. Rarrabawar ki yi ta gona-gona, kada lemon gona ɗaya ya shiga ɓangarorin biyu.

Tambaya: Muna da ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, muna so mu aika jus ɗinmu a gwada. Yaya za mu shirya shi?

Amsa: Ranka ya daɗe, in na kwali ne ku ɗauki uku masu lambar zubi ɗaya, ba a buɗe ba. Ku aika biyu, ku ajiye ɗaya a firji saboda gardama. In sabon matsi ne, ku cika robar rabin lita har baki, ku ɗaure murfin tam, domin duk tururin da ya fita yana ƙara wa ruwan nauyi ya ɓata awon oksijin. A sa a kula da ƙanƙara, sanyi wajen digiri 4, ya isa cikin kwana biyu. In zai wuce haka a daskarar, amma a bar wa robar sarari kashi ɗaya cikin goma don kada ta fashe, kuma a rubuta wa masu gwajin su bari ya narke gaba ɗaya su girgiza kafin su ɗiba, saboda abin da ya fara narkewa ya fi sauran kauri. Kada ku ƙara maganin hana lalacewa. Robar da ta kumbura ta fara tsami, yis ya ci sukarin ya cika ta da iska, sai dai a zubar a sake ɗiba. Da yawan ɗauke wuta wannan ne ya fi faruwa. Ku haɗa da robar ruwan burtsatsenku guda, da ɗanyen lemo 10 daga kayan da kuka matse, kowanne da takardarsa mai kwanan wata.